Hannun Baba Tanko

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Talata, ina cikin gyaran sautin wata sanarwar rigakafi, wani mutum ya yi sallama a ƙofar situdiyonmu da ke Yakasai. Dogo ne, sanye da farar shadda, da makullin mota a hannu. Bai tambayi Kawu Sabo mai wurin ba. Ni ya tambaya.

"Ke ce Zulai mai rubuta kiɗa?"

Na cire abin sauraro daga kunnena na ce ni ce.

"Sunana Nasiru, babban ɗan Alhaji Tanko na Goron Dutse. Na zo ne ki goge mahaifina daga cikin na'urar nan."

Daga wannan sa'ar shekarar ta lalace mini. Amma ku ƙannena da kuke shigowa da filas ɗin kwamfuta a hannu kuna cewa, "Anti, a ɗan tura mana sautuka, sauran ai danne-danne ne," ba za ku gane abin da mutumin nan ya zo nema ba sai na faɗa muku yadda mahaifinsa ya shiga na'urar tun farko.

Ni ba makaɗiya ba ce. Ban taɓa riƙe abin kiɗa a gaban mutane ba, kuma ko a gidan biki ni ce mai zama kusa da ƙofa. Karatun kwamfuta nake yi lokacin da na fara zuwa wurin Kawu Sabo, ƙanin mahaifiyata, in buga masa takardu in kuma gyara masa na'ura idan ta rikice. Shi da fiyano yake aiki, da kunne kawai, yana yi wa masu fim da gidajen rediyo kiɗan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin magana. Hannunsa yana da kyau, amma ba ya riƙe abin da ya kaɗa. Darakta zai dawo bayan watanni ya ce, "Irin na ran nan nake so, amma a ɗan ja shi," sai Kawu ya yi ta lalube yana gumi.

A cikin wata tsohuwar kwamfuta da ya saya na tarar da manhajar rubuta kiɗa. Layuka biyar ne a jere, ana ɗora musu ɗigo-ɗigo. Kowane ɗigo murya ce, inda ya zauna shi ke nuna tsayinta, siffarsa kuma ta nuna daɗewarta. Idan ka gama rubutawa ka danna, na'ura ta kaɗa maka abin da ka rubuta. Babu wanda ya taɓa buɗe ta a wurin. Na kwashe hutun makaranta guda a ɗakin Umma a Mandawari ina karanta littafin bayaninta, ƙamus a gefe. Da aka koma karatu na iya zama a bayan Kawu, yana kaɗawa ina rubutawa. Haka sana'ar ta fara. Babu wanda ya ce mini ga ranar da na zama ma'aikaciya, sai dai wata rana na ji ya ce wa wani darakta, "Ka yi magana da Zulai, ita ke riƙe da kayan."

Aikin farko da ya nuna mini iyakar na'urar, na wani darakta ne, Malam Bala. A fim ɗin, wata tsohuwa ce ta dawo ɗakinta bayan an watse daga zaman makokin ɗanta, ta zauna a bakin gado ba ta ce komai ba. Ya ce kukuma yake so, ita kaɗai, babu ganga babu waƙa. Na rubuta kiɗan, kuma har yau ina ganin rubutun bai da aibi. Na zaɓi abin da ya fi kama da kukuma a cikin sautukan manhajar, wato irin abin kiɗan nan na Turawa da ake ɗorawa a kafaɗa. Malam Bala ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malama, ɗan wa ya mutu? Wannan ai makokin Bature ne."

Na shiga nema. Duk inda aka ce akwai sautukan kayan kiɗa na saukewa, na je. Data ta ƙare, in sake saye. A ɗauke wuta ana tsakiyar saukewa, in sake farawa. Na samo na Sin, na Larabawa, na Indiya. Na samo wani kundi da aka rubuta wa "na Afirka," na buɗe na tarar ko ɗaya babu wanda wata tsohuwa a Yakasai za ta ɗaga kai idan ta ji. A wannan neman na gane abu uku da ke raba sautin gaske da na na'ura, kuma su ne har yanzu nake so ku riƙe.

Fiyano an yanka masa muryoyi daidai wa daida kamar matakalar bene. Kukuma ba ta da matakala. Tsagiya ɗaya ce ta gashin doki, yatsa ke neman murya a kanta, kuma wasu muryoyin da kunnenmu ya tashi da su suna faɗowa ne tsakanin maɓalli da maɓalli. In ka tura su suka hau matakalar, sun daidaita, amma sun daina zama namu. Na biyu, idan murya ɗaya ta maimaitu a jere, na'ura gutsure ɗaya take sake sakowa, sai ka ji kamar keken ɗinki. Hannun mutum kuwa ba ya jan abu iri ɗaya sau biyu. Na uku shi ne mafi wuya. Makaɗi ba ya tsallakawa daga wannan murya zuwa waccan, zamewa yake yi, kuma a cikin zamewar nan kukan yake. Wanda ya naɗi muryoyi bai naɗi hanyar da ke tsakaninsu ba, bai naɗi komai ba.

Da na yi wa Kawu wannan bayani, sai ya ce, "To ai maganarki ɗaya ce: sai mun samo mai kukuma mun yayyanka shi." Ya ce ya san wani.

Baba Tanko a lokacin ya haura sittin. Ɗan gajere ne, bakinsa ja da goro, kuma a zamaninsa ya yi tashe a wuraren shaƙatawa na bayan gari. Muka same shi a soron gidansa a gindin Goron Dutse, ginin ƙasa mai rufin azara. Ina tafa hannu sau ɗaya a ciki na san a nan za mu yi aikin. Ɗakin siminti yana mayar maka da sauti da ƙara. Ginin ƙasa shanye shi yake yi ya bar maka zallarsa. Kayanmu ba su da yawa: makirufo ɗaya mai kyau da muka aro, kwamfuta, da barguna biyu da muka rataya a ƙofa. Nasa kayan sun fi namu ƙanƙanta: ɗan ƙoƙo da aka rufe da fatar guza, sanda, tsagiyar doki, ɗan jakin da ke tallafe tsagiyar, da ƙullin ƙaro da yake shafa wa bakan jan.

Na yi masa bayani kaina a ƙasa. "Baba, murya ɗaya za ka ja, ka riƙe ta, sai na ɗaga hannu ka saki."

"Sannan?"

"Sai ka sake jan ta a hankali. Sannan da ƙarfi. Sannan mu wuce ta gaba."

Ya dubi Kawu. "Sabo, 'yar taka lafiya kuwa? Ni da nake tayar da fili guda tsaye, yau ni za a zaunar ina kukan ƙyaure?"

Ya yi mana yadda na ce, don Kawu ya riga ya sallame shi kuma shi mutum ne mai cika magana. Amma da na koma na saurara, muryoyin duk matattu ne. Daidai suke, babu wanda ya karkace, sai dai babu kowa a cikinsu. Washegari na tambaye shi dalili. Ya ce, "Malama, ni ban taɓa kaɗa wa bango ba. Wa nake yi wa?"

Daga nan muka sauya hanya. Kawu ya zauna a gabansa, ni kuma na daina cewa a hankali ko da ƙarfi. Sai in ce, "Baba, ja wannan kamar kana kiran wanda ya yi nisa." Ko, "Kamar kana lallashin wanda ya yi fushi." Ko, "Kamar kana tsokanar Kawu." Wannan ta ƙarshe ita ya fi so, yana ja yana cewa, "Sabo mai tumbin fiyano, ka ci na daraktoci ka hana tsoho." Da waɗannan sunaye na ajiye sautukan a na'ura: kiran nesa, lallashi, tsokana, da wata da shi ya raɗa wa suna, wai "an tafi an bar ni." Ni kuma ya raɗa mini Malama mai ɗigo-ɗigo, tun ranar da ya leƙa fuskar kwamfuta ya ce kamar kashin ƙuda a kan igiyar shanya.

Akwai mako guda na aiki da na zubar gaba ɗaya. Damina ta shigo muna tsaka da naɗi, fatar kukuma ta sha laima ta saki, muryar ta yi kauri ba mu lura ba. Sai da na jera sautukan kusa da na baya na ji kamar mutum biyu ne. Daga ranar, kafin mu fara sai Baba ya kanga ta kusa da garwashi, ya ƙwanƙwasa fatar da farce, ni kuma in kunna masa muryar da muka naɗa a ranar farko ya daidaita da ita. Ga injin markaɗen maƙwabta, ga tattabaru a kan soro, ga masu adaidaita sahu. Matarsa, Iya Dije, in tana daka sai an leƙa an roƙe ta ta dakata, ta ce, "Ku dai ku gama da tsohon nan ku ba ni abina." Amma kullum sai ta aiko mana da kunun tsamiya.

Naɗin bai kai yayyanka sautukan wahala ba. Watanni na yi ina datse kowane gutsure, ina auna tsayin muryarsa, ina ɗaure shi da ɗigon da zai kira shi. A karon farko na yi abin da kowane sabon shiga yake yi: na wanke sautin tas. Na cire ɗan ƙaiƙayin da ƙaro ke yi a farkon ja, na cire sautin juyawar baka, na cire numfashin Baba. Da na kunna, sai ga makokin Bature ya dawo. Dole na koma kan asalin naɗin na mayar da duk abin da na kira datti. Ku riƙe wannan: abin da kunnenku ke cewa ku share, sau da yawa shi ne mutumin.

Ranar da na gama, Malam Bala ya zo kan wani aiki daban. Na kunna masa kiɗan tsohuwar nan, wanda fim ɗinsa ya riga ya fita da fiyano. Ya saurara har ya ƙare. Sannan ya juya wurin Kawu ya ce, "Yaushe kuka kawo Tanko nan ban sani ba?"

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi kyau a sana'ata. Na gama makaranta ban nemi aikin ofis ba. Na naɗi kalangu, na naɗi sarewa a wurin wani bafulatani mai sayar da magungunan dabbobi, na naɗi garaya. Amma kukumar ce ke kawo mutane. Masu fim, masu wasan kwaikwayo na rediyo, masu sanarwar lafiya, har wata Hajiya da ta ce a ɗora mata a kan hotunan mahaifinta da ya rasu. Wani mai tallan maganin gargajiya ya zo yana so a shimfiɗa masa ita a ƙarƙashin jerin cututtuka, Kawu ya ce masa, "Tanko ba ya zuwa asibiti." Duk wanda ya zo, ba ya cewa a sa masa kukuma. Cewa yake a sa masa Tanko.

Sai Nasiru ya biya wa mahaifinsa kujerar Makka. Da Baba ya dawo ya ajiye kiɗa. Wannan ba baƙon abu ba ne a garin nan: makaɗi ya tsufa, ya sauke farali, ya rataye kayansa, ya koma sahun gaba. Mun je masa barka da dawowa ni da Kawu, aka ba mu dabino da zamzam, ya ce wa Kawu, "Saura kai." Babu wanda a cikinmu, har shi, ya tuna da abin da ke cikin kwamfuta. Ba da daɗewa ba mutanen unguwa suka danƙa masa makullin masallacinsu, shi ke buɗewa shi ke sharewa.

A cikin wannan hali Malam Bala ya fara wani dogon wasan kwaikwayo a rediyo, na rubuta masa sabon kiɗan buɗewa, kukuma zalla. Kullum da yamma sai an saka shi. Abin da ya kawo Nasiru ke nan.

Kawu ya ba shi kujera, ya ƙi zama. Ya ce, "Duk Goron Dutse babu wanda bai san hannun Baba ba. Sun ji kiɗan da bai taɓa yi ba, bayan ya dawo daga Makka. Me kuke so su ce? Shekaranjiya a ƙofar masallaci wani ya ce masa, 'Alhaji, ashe hannu bai manta ba, mun ji sabon aiki.' Aka yi dariya. Tsohon nan ya shiga gida bai fito magariba ba."

Kawu ya ce, "Subhanallahi. To ai sai a yi musu bayani. Ni zan ɗauko kwamfutar in je in nuna musu yadda ake yi."

"Ka kawo kiɗa ƙofar masallaci?"

"Malam Nasiru, an biya shi hakkinsa, ya sa albarka. A gabana aka yi."

"Wanda kuka biya Tanko mai kukuma ne. Wanda ke gida yanzu Alhaji Tanko ne."

Dukansu suka juyo suna kallona. Ni dai na san abu ɗaya da su ba su auna ba: in na goge, babu naɗi na biyu. Mai hannun ya rataye kayansa. Na tambaya, "Baba ne ya ce a goge?"

"Ba sai ya ce ba. Ni ɗansa ne."

Na ce, "Daga yau na rufe, ba zan ƙara rubuta masa ko ɗigo ɗaya ba. Amma da bakinsa ya ba ni. Ina so in ji daga bakinsa."

Nasiru ya ce babu wani ɗan situdiyo da zai ƙara taka ƙofar gidansu, don ranar da aka ga Sabo a zauren nan, maganar mutane ta tabbata. Ya fita bai yi sallama ba.

A ranar na kwashe sautukan daga kwamfutar aiki na mayar da su cikin wani ɗan faifan ajiya, na kai gida na sa a ƙasan adakar Umma. Malam Bala ya ƙi sauya kiɗan buɗewar, ya ce masu sauraro sun saba, kuma aikin ya riga ya zama nasa. A kan wannan ba ni da iko. Abin da ke hannuna shi ne kada in ƙara sabo.

Aiki na farko da na rasa nasa ne. Ya zo da kashi na biyu na wasan, na ce masa babu Tanko. Ya ɗauka wasa nake. Da ya ga da gaske ne ya ce, "To me zan zo yi nan? Fiyano ai ko'ina akwai." Wasu suka bi bayansa. Na nemo wani mai kukuma, Ɗanlami, magidanci mai hannu da kyau, muka naɗe shi yadda ya kamata, da garwashi da barguna da komai. Amma shi a gaban lasifika ya tashi, ya saba gasa da ganga da janareta, jansa gajere ne mai kaifi. Ya yi daidai da biki, bai yi daidai da tsohuwa a bakin gado ba. Na yi ta ƙoƙarin tausasa shi a na'ura, ina rage kaifi, ina ja masa wutsiya. Wani darakta ya saurara ya ce, "Ba laifi." A sana'ar nan, in aka ce maka ba laifi, to ba za a dawo ba.

Kawu bai taɓa yi mini faɗa ba, amma ya daina yi mini wasa. Wata rana muna zaune babu kowa tun safe, ya ce, "Zulai, ki ɗan sa shi can ƙasa-ƙasa, a bayan ganga. Wa zai gane?" Na ce mutanen Goron Dutse. Wani mai situdiyo a cikin gari ya aiko a tambaye ni ko zan sayar masa da kundin tunda ni na daina amfani da shi. Na ce a gaya masa ba na sayarwa ba ne. Na koma buga wa ɗalibai takardun kammala karatu don in riƙa samun na mota. Kafin shekara ta zagayo, Kawu ya fara maganar ya saki ɗaki ɗaya daga cikin biyun da muke haya.

Na aika wa Baba saƙo ta hannun wani abokin Kawu, bai isa ba. Na kira Nasiru a waya, ya ce Baba yana hutawa. Na sake kira bayan wani lokaci, ya ce, "Malama, kin goge ko ba ki goge ba?" Na ce ina jira. Ya kashe.

Umma ce ta warware mini. Tana tsince shinkafa ina ba ta labari, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ke ba mace ba ce?"

Na ce ban gane ba.

"Kawunki aka hana zaure. Wa ya taɓa tsayar da mace a zaure ya ce ina za ki? Ki sayi sabulu da goro ki je ki gaida matar gidan. Karatu dai ya cika miki kai."

Gaskiyarta ce, kuma duk tsawon shekarar ban hango ba, saboda a soro na saba ganin Baba, wurin maza, ta hanyar Kawu. Duk da haka ban tafi nan da nan ba. Ba sau ɗaya ba na kai gindin dutsen da ledar sabulu a hannu na juyo. Ranar da na shiga, da hantsi ne. Wasu maza suna zaune a dakalin ƙofar gidan, na yi sallama, suka amsa suka janye ƙafafu. Babu wanda ya dube ni sau biyu.

Iya Dije tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ce, "La, mai hana ni daka! Ashe kina duniya?" Ta shimfiɗa mini tabarma, ta tambayi Umma, ta tambayi Kawu, ta karɓi sabulu tana sa albarka. Sannan ta dube ni ta ce, "Ba don ni kika zo ba, na sani. Yana can bayan ɗaki."

Yana zaune a kan buzu a inuwar katanga, carbi a hannu. Ya rame, kuma bakin nan ya daina ja. Na durƙusa na gaishe shi.

"Malama mai ɗigo-ɗigo. Yaya Sabo? Tumbin yana nan?"

"Ya ragu, Baba."

"To, duniya ta fara yi masa wa'azi." Ya dubi hannuna. "Kin zo da na'urar?"

"A'a."

"Kin kyauta."

Na faɗa masa komai yadda yake: zuwan Nasiru, abin da na ce masa, inda faifan yake, da cewa tun ranar ban ƙara rubuta masa ko ɗigo ba. Ya ce bai san Nasiru ya je ba, amma bai yi mamaki ba. Na ce in maganar mutane ce, zan roƙi a ba ni fili a rediyo in yi bayani da bakina cewa ba shi ne yake kaɗawa ba. Ban san yadda zan iya magana a rediyo ba, amma na faɗa.

Ya girgiza kai. "Mutane sun daɗe da sauka daga kaina, sun hau kan wani. Makullin ma yana nan a aljihuna, babu wanda ya karɓa. Nasiru yaro ne, kunyar abokansa yake ji."

Zuciyata ta ɗan saki. Na ce, "To Baba, in ba don mutane ba ne, in ci gaba?"

Ya ja carbinsa har ya kai ƙarshe ya sake farowa. Iya Dije ta kawo ruwa ta ajiye ta koma. Sai na ce, "Ko kuma in bar shi a rufe yadda yake. Ba zan taɓa ba, ba zan ba kowa ba. Ya zauna kawai, don kada ya ɓata. Babu wani irinsa, Baba. Na nema."

Ya ajiye carbin a kan buzu.

"Tsofaffin kaɗe-kaɗena da ake sakawa ba sa damuna," in ji shi. "Na san inda suka faro, na san inda za su ƙare, sai in bar su su wuce. Naki ne ya hana ni sakat. Hannuna ne, amma ban san inda zai bi ba. Ran nan ina zaman tahiya, rediyon maƙwabta ya sako shi, sai na tsinci yatsuna a kan gwiwata suna koyonsa. Na sallame ban san raka'a nawa na yi ba. Wancan na rediyon na kusa haddace shi, zai ƙyale ni. Amma muddin na san hannuna yana can a ajiye cikin adaka yana jira, to ban ajiye ba ke nan, ajiya na bayar. Aikinki ya yi kyau, Malama. Da bai yi kyau ba, da ban roƙe ki ba. Ki goge."